Maɓallan Birmingham

Azara na tsaye bayan ƙofar kicin da tiren shayi a hannu lokacin da ta ji muryar Babanta ta canza.

Ta san wannan muryar. Ba ta ɗagawa, sai dai ta yi ƙasa ta yi sanyi, kuma duk gidan nan na Cheetham Hill babu wanda bai san abin da ke biyo bayanta ba. Yau kuwa ranar da Nuru ya zo gaisuwa ce, ranar da ta kusa shekara tana lallaɓa mahaifiyarta Mma Safia kafin aka yarda ɗan Kano ya tako falon Alhaji Mutawakilu, mutumin Kumasi.

Ta leƙa ta tsagin ƙofa. Nuru na durƙushe kan kafet cikin farar shadda, ga goro da alawa a gefe, ga wani babban ɗalibi da ya rako shi. Alhaji ya miƙa hannu, Nuru ya kama da hannu biyu, sai hannun rigarsa ya zame baya. Maɓallan da ke wuyan hannun suka bayyana, 'yan ƙanana na azurfa, da zanen kamfas da sukwaya a haɗe, irin na cikin akwatin lissafin 'yan makaranta.

Alhaji ya zare hannunsa kamar wanda ya taɓa murhu.

"Ina ka samu wannan?"

Nuru ya ce kyauta aka yi masa.

"Wa ya ba ka?"

Nuru ya sunkuyar da kai ya yi gum. Aka maimaita tambayar, bai tanka ba. Alhaji ya miƙe, ya ce su kwashe goronsu su fita, kuma kada ƙafar yaron nan ta sake taka ko da layin gidansa.

Azara ta ajiye tiren don kada ya suɓuce. Ita ta san wanda ya ba shi, domin ita ce.

Nuru injiniyan gine-gine ne, yana karatun digiri na uku da tallafin gwamnati, yana zaune a wani ɗan ɗaki a Ardwick wanda in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Abu biyu ya sa a ransa bayan karatu, kuma duka biyun sai da ta yi masa dariya a kansu kafin ta saba.

Na farko maɓallan hannun riga. Samarin Kano na sa su a kaftani, shi kuwa tara su yake yi. Ya fara da na mahaifinsa marigayi, ya zo Ingila ya tarar ana zubar da tsofaffi a kasuwar da ake baje kaya daga bayan mota da shagunan gwanjo, ai sai ya zauce. Yana da wani gwangwanin biskit cike da su, kowane biyu a naɗe cikin auduga, kuma kowanne da labarinsa.

Na biyu gidajen zane. Sanyin shekararsa ta farko ne ya kora shi cikin babban gidan zanen da ke Mosley Street, don shiga kyauta ne kuma akwai ɗumi. Ya shiga neman ɗumi, ya fito da ciwon da ba ya warkewa. Tun daga nan in ya samu Asabar sai ya hau mota, yau Liverpool, gobe Landan, ya je ya tsaya gaban hoto ɗaya har ƙafarsa ta yi tsami. Shi ya koya wa Azara cewa ana iya kallon zanen teku har mutum ya ji kewar garin da bai taɓa zuwa ba.

Watan jiya ya roƙe ta ta raka shi Birmingham. Ta ce wa Mma ƙaramin asibitin unguwa da take aiki sun tura ta horo na yini ɗaya. Suka yi yawo cikin gidan zanen can tun hantsi, suka sha shayi a ƙarƙashin rufin gilashi, suka yi salla a masallaci, suka kamo motar yamma. Ko yatsanta bai taɓa ba. A hanyar komawa tasha ne ta hangi maɓallan a tagar wani tsohon shago a unguwar maƙeran zinare, ta ga kayan aikin injiniya a jikinsu, ta ce wannan ai don Nuru aka yi su. Ita ta saya, ita kuma ta ce lallai su zai sa ranar da zai gaida Baba.

Tana da shekara huɗu aka kawo ta Manchester. Ina za ta san abin da kowane yaro a Zangon Kumasi ya sani?

Mma Safia ce ta yi mata bayani da yamman ranar gaisuwar, tana magana ƙasa-ƙasa kamar bango na da kunne. Wannan alamar 'yan Lodge ce, in ji ta, ƙungiyar asiri. A gida ana cewa duk wanda ya shiga sai ya ba da matarsa ko ɗansa na fari kafin arziki ya zo. Ƙanwar Alhaji, Rahmatu, mai zobe da irin wannan alamar ta aura, haihuwar farko ta tafi.

Azara ta ce jini ne ya ɓalle wa Gwaggo Rahmatu, kowa ya sani, kuma mata na mutuwa da haka ko mazansu ba su taɓa sa zobe ba. Mma ta rufe mata baki da tafin hannu, ta ce kada ta kuskura Babanta ya ji.

Kafin sati ya zagayo magana ta gama gari. Alhaji da kansa ya tashi bayan sallar Juma'a a ɗan masallacinsu na saman shago, ya gargaɗi masu 'ya'ya mata.

Sai ga Mubarik. Ɗan aminin Alhaji ne, yana da motocin haya a Birmingham, kuma shekara biyu ke nan yana kawo wa Azara turare tana ba ƙannenta. Mutumin da ko gaisuwa ba ya tsayawa ya gama saboda wayarsa na ƙara, yanzu ya samu lokacin bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Ya dawo wa Alhaji da labari mai zafi: yaron yana da gwangwani cike da ƙananan alamomi, kuma duk Asabar yana shiga manyan gidajen dutse masu ginshiƙai, inda ake ajiye gumaka tsirara, ya tsaya gabansu shiru ba ya motsi.

Abin da ya fi ƙona wa Azara rai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Mubarik bai ƙara komai ba, jera gaskiya kawai ya yi yadda za ta yi wari.

Har 'yan Najeriya abin ya kai. Wanda ya rako Nuru gaisuwa ya daina ɗaukar wayarsa. A masallacin jami'a aka fara barin ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da ta na kusa da shi.

Ranar Laraba ta fito daga aiki ba ta nufi gida ba. Ta san inda za ta same shi. Yana zaune kan benci a gidan zanen da ke Oxford Road, gaban wani hoton tumaki cikin ƙanƙara, ya rame, hannun rigarsa a naɗe babu maɓalli ko ɗaya.

Wurin ba a ɗaga murya, don haka faɗan nasu cikin raɗa aka yi shi, abin da ya ƙara mata haushi.

"Me ya hana ka faɗa masa ni na ba ka?"

"In na faɗa sai ya ce a ina. In na ce Birmingham sai ya ce yaushe."

"To ya ce mana. Me muka yi? Hotuna muka kalla, Nuru. Pictures. Har wata tsohuwa ta biyo mu tana mana bayanin frame ɗin hoto."

Ya ce ta fi shi sanin mutanenta. Yarinyar da ta yi wa uwarta ƙarya ta bi namiji wani gari, babu mai tambayar abin da ta kalla a can. Shi namiji ne, kuma baƙo. Zai daure ya gama rubutun digirinsa, in ya koma Kano babu wanda ya taɓa jin sunan Lodge, sunansa zai wanke da kansa. Nata kuwa in ya zube a Cheetham Hill babu mai kwashe shi.

Ta dube shi, hawaye suka taho mata, na baƙin ciki ba na tausayi ba.

"Wato ka riga ka gama shirinka. Ka koma Kano da sunanka a wanke, ni ka bar ni nan da nawa sunan mai kyau in kai wa Mubarik."

"Azara, ba haka nake nufi ba."

"Haka ne mana. Kana jin daɗin kanka, kai ne mai rufin asiri, kai ne ɗan halak. Ka tambaye ni ko ina son a rufa min? Baba ya yanke min hukunci, Mubarik ya yanke, yanzu kai ma ka yanke, duk a kaina, babu wanda ya ce Azara me kika gani. I'm twenty-four, ina biyan harajin council tax kamar kowa."

Mai gadin ɗakin ya juyo yana kallonsu. Nuru ya ƙara sassauta murya, idonsa ya yi ja, ya ce ya roƙe ta don girman Allah kada ta faɗa wa kowa. Ya fi son ya rasa ta tana da mutuncinta da ya same ta ana nuna ta da baki.

"Kai ka fi son haka," ta ce. "Ni ban fi so ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita, takalminta na ƙara kan katakon ɗakin, ba ta damu da wanda ya ji ba.

Washegari ta samu Babanta a rumbun da yake haya a bayan manyan shagunan sari, inda yake cika wa mutane durom-durom da kaya yana aikawa Ghana ta jirgin ruwa. Yana duƙe yana ɗaure murfin wani shuɗin durom. Ta durƙusa kan simintin nan mai sanyi ta faɗa masa komai, tun daga ƙaryar horo har tagar shagon. Ba ta rage ba, ba ta ƙawata ba.

Ta zo da shirin mari. Ta zo da shirin ya ce ƙarya take yi don ta ceci saurayinta, har ta tanadi rantsuwar da za ta yi.

Alhaji ya ƙarasa ɗaure murfin. Da ya ɗago sai ya ce ya yarda da ita. Ya ce tun ranar ma ya lura yaron bai yi ƙoƙarin ɓoye hannunsa ba, kuma ɗan ƙungiya na gaske ba ya zuwa gidan surukai da alamarsa a waje.

Zuciyarta ta buga da murna. Ta ce to gobe Juma'a, sai ya tashi ya janye maganarsa.

"Ba zan janye ba."

"Baba, yanzu ka ce ka yarda."

"In na tashi na ce yaron nan ba shi da laifi, za a ce to ina ya samu. Mutanenmu ba sa barin tambaya a rabi. Sai sun bi ta har Birmingham, su tarar da ke a can." Ya koma kan durom ɗinsa. "Shi baƙo ne, zai tafi. Ke a nan za ki zauna. Ƙannenki mata biyu a nan za su yi aure."

"Amma zalunci ne, Baba. Kai ka koya min ɓata sunan Musulmi ya fi cin namansa muni. Mutum ba ya iya tsayawa a sahu saboda maganarka."

"Na sani. Zan nemi gafarar Allah, tsakanina da Shi ne. Ke kuma ki rufe bakinki. Hajia Suweiba, uwar Mubarik, za ta zo sunan gidan kawunki Saeed ranar Asabar, daga nan za mu tsayar da maganar Mubarik."

Da ya ƙi yarda da ita, da ta samu abin da za ta yi faɗa da shi. Amma ya san gaskiya, ya auna ta, ya ga ba ta kai nauyin sunan gidansa ba. A cikin bas ɗin komawa ta ciji leɓenta har ta ji ɗanɗanon jini. Tana son mahaifinta, kuma a wannan yammar ba ta taɓa jin haushin wani ɗan Adam kamar yadda take jin nasa ba.

Sunan a wani zauren haya aka yi shi a Gorton. Matan Zango na Manchester kaf sun hallara, har da na Birmingham da Leeds, an sha leshi da gwala-gwalai, ga tukwanen wake da shinkafa da tuwo a jere, yara na guje-guje suna ihu da Turancinsu na 'yan gari. Wata mai baki na riƙe da makirufo tana kiran sunayen manyan mata ɗaya bayan ɗaya ana tafi.

Hajia Suweiba, mahaifiyar Mubarik, ta kafa kujerarta a tsakiya. Tana hango Azara ta buɗe hannu ta kira ta surukarta, ta zaunar da ita kusa da ita, tana shafa mata baya. Ta ce wa matan da ke kewaye su taya ta godiya, Allah ya fizge yarinyar nan daga bakin ɗan Lodge, da yanzu ana can ana shirin yanka ta. Aka yi ta salati ana jinjina kai. Wata ta ce ai ta ji har ƙoƙon kan mutum aka gani a ɗakinsa.

Ƙoƙon kan ne ya ƙarasa ta. A ɗakin da ko wurin ajiye tukunya babu.

Azara ta miƙe. Mma Safia da ke can gefe tana zuba abinci ta ga fuskarta, ta saki ludayi ta fara girgiza mata kai. Azara ta kau da ido, ta je ta karɓi makirufo daga hannun mai bakin, wadda ta sakar mata da fara'a don ta ɗauka barka za ta yi wa mai jego.

Ta yi sallama, aka amsa.

"Iyayena, maɓallan da ake magana a kansu ni na saya. Ni na ba Nuru, ni na ce ya sa. A Birmingham na saya, ranar da na ce wa Mma na tafi training. Ba training na je ba, shi na raka museum muka kalli hotuna, daga ni sai shi. Ban san alamar ba, shi ma bai sani ba. Ya yi shiru ne don kada a zage ni. To ga ni, wadda za ta zaga ta zage ni, a ƙyale bawan Allah ya yi sallarsa."

Ta mayar da makirufo.

Zauren ya yi tsit, sai kukan jaririn da ake wa suna. Hajia Suweiba ta janye mayafinta daga kujerar da Azara ta tashi, a hankali, ta naɗe shi a cinyarta. Ta kira yarinyar da ta riƙe mata jaka ta ce a kira mata Mubarik ya kawo mota, hanya da nisa.

Mma Safia ta fita ta ƙofar baya tana toshe baki da gyale. Ƙannen Azara biyu suka bi ta, ƙaramar ta juyo ta watsa wa yayarta wani kallo da ba za ta manta ba.

Labari ya riga su isa gida. Suka tarar da Alhaji zaune a falo da hularsa a kan gwiwa, talabijin a kashe. Azara ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Bai amsa ba, bai ko dubi inda take ba. Matarsa ya kira, duk da tana tsaye a gabansa.

"Safia, ki faɗa wa 'yarki Alhajin Birmingham, uban Mubarik, ya yi min waya, sun janye. Ki faɗa mata ta aika wa yaron nan ya turo mutanensa, a ɗaura kafin azumi."

Azara ta ɗago da sauri, kuka ya ƙwace mata. Ta rarrafo za ta kama ƙafarsa tana cewa ta gode, Allah ya ƙara girma.

Ya janye ƙafar.

"Ki faɗa mata kada ta gode min. Ba don na yarda na bayar ba, don babu wanda zai sake ƙwanƙwasa ƙofar nan ne saboda ita. Gobe zan tashi a masallaci in nemi yafiyar yaron, wannan hakkinsa ne." Ya sa hularsa ya miƙe. "Waliyyi kuwa ta nemi kawunta Saeed. Ni ranar ina da kaya a Liverpool."

"Baba," ta ce, "ai ba a sa ranar ba tukuna."

A karon farko ya juyo ya dube ta, idonsa cike da ruwa.

"Duk ranar da aka sa," ya ce, ya hau bene.